Sunan da Tumba Ta Haɗiye

A Tungar Kwakwara, can bakin gulbi, an yi wata mai bandar kifi ana ce mata Tumba, wadda duk garin suka shaida ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba. Ko akuya ce ta shigar mata rumfa, da gefen zane take korarta. Mijinta kuwa, Arzika direba, shi Allah ya ba rabon surutun gidan gaba ɗaya. Yana da wata tsohuwar mota da yake jigilar 'yan kasuwa da ita, ba ta tashi sai an tura, don haka kullum a kan gangare yake ajiye ta da dutse a gaban taya. Yakan ce ba lalacewa ta yi ba, sarauta take ji, ba ta fita sai da rakiya.

Ɗa ɗaya Allah ya ba su, Lawali, bahago, mai wushirya da yawan dariya. Da yake ɗan fari ne, Tumba ba ta taɓa kama sunansa ba, kamar yadda ta tarar uwarta da kakarta suna yi. Kai take ce masa, ko wannan yaron. Wata damina gulbi ya cika, yara suna wanka, ita tana wanke kifi a gaɓa tare da surukarta da matan unguwa, sai ta hango ruwa yana murɗawa a bayansa. Sunan ya zo mata har kan harshe. Ta dubi surukarta, ta haɗiye shi, ta ce, "Kai yaro, fito." Yara da yawa suka waigo, ban da shi.

Masunta suka yi ta nitso har suka gaji, ba a ga ko wandonsa ba, dattawa suka ce 'yan ruwa ne suka ɗauke shi. Mutane kuwa suka yi ta yabon Tumba, wai ga mace mai kara, ko hawaye ba ta zubar a gaban jama'a ba. Wannan yabon ya fi komai ƙona mata rai. Haka ta yi ta fama da abin a ciki har furfura ta fito mata, ba ta gaya wa kowa ba.

Ran nan da hantsi Arzika ya tsaya a ƙofar gida bai kashe mota ba, ya ce ta fito ta ga fasinjar da ya tsinta a hanya. Wata doguwar tsohuwa ce, gashinta fari fat har gadon baya, tufafinta na ɗigar da ruwa alhali rabon garin da ruwan sama tun kaka. Duk motoci sun wuce ta, shi ya tsaya. Ba ta yarda ta taɓa ƙofa ba sai da ya buɗe mata da kansa, ya shimfiɗa mata tabarma a kujera, don ta ce jikinta ba ya shiri da ƙarfe. Tsohuwar ta miƙo wa Tumba ɗaurin busasshen kifi tukuici. Kifi ne irin wanda Tumba ba ta taɓa gani ba, ya sandare kamar itace, ba ƙaurin hayaƙi ko kaɗan. Ta juya shi don ta ga yadda aka yi aikin, sai idonta ya faɗa kan igiyar. Ƙullin bahago ne, an cusa bakin igiyar ta ƙasa yadda mahaifinta ya koya wa yaron.

Tumba ta durƙusa a gefen mota, ta ce, "Ranki ya daɗe, wa ya ɗaure wannan kifin?"

Tsohuwa ta ce, "Ya ke 'yar Adam, wani bawan Allah ne marar suna, a ƙauyen da hanya ta ƙare, bakin tekun arewa. Ruwa ya kawo mana shi yana ƙarami. Mu a dokarmu, wanda aka kira sunansa sa'ad da ruwa ya kama shi, mukan sake shi. Shi kuwa mun saurara, ba mu ji an kira ba."

Tumba ta sunkuyar da kai. Tsohuwar ta ciro wani farin wuri, irin kuɗin mutanen da, ta ba Arzika ya rataya a madubi, ta ce saboda alherin da ya yi mata, in ya juya hancin motarsa arewa hanya za ta buɗe. Amma wanda idonsa ya ga tafiyar yaron, shi kaɗai ne zai kira shi ya amsa. Ta ƙara da cewa, "Ƙarfe ba ya zama a ƙasarmu sai yana numfashi. Kada motar nan ta yi shiru. In ta yi shiru har ruwan teku ya taɓa tayarta, hanya ta rufe, ku da gida sai a mafarki." Kafin su ce wani abu, babu kowa a kujerar sai jiƙaƙƙiyar tabarma.

Arzika, wanda ko atishawa aka yi sai ya yi sharhi a kai, ya dubi matarsa bai tambaye ta komai ba. Cewa kawai ya yi ta ɗauko barguna da garin kwaki, shi zai je ya cika jarkoki da mai.

Suka kama hanya. Gonaki suka ƙare, ƙaya ta ƙare, rairayi ya fara, ita kuwa hanya sai shimfiɗa kanta take yi a gaban taya kamar ana warware tabarma. Suna cikin tafiya suka iske wani baƙin dutse ya tare gabas da yamma, da rami a cikinsa daidai shigar mota. A bakin ramin wani zalɓe ne tsaye da ƙafa ɗaya, tsawonsa ya kai na rimi. Ya sunkuyo ya leƙa ta taga, ya ce, "Ya ku 'yan Adam, ba a shiga nan sai an bar murya ɗaya a ƙofa. Ta wa za ku bari?"

Arzika ya dubi Tumba, ya san tata ce za a nema a can, tasa kuma bai ga yadda zai rayu babu ita ba. Sai ya ce, "Ranka ya daɗe, mu uku ne. Ga ta uwar ɗakinmu." Ya danna odar mota. Zalɓe ya buɗe baki ya haɗiye ƙarar, ya gyaɗa kai, ya janye ƙafarsa. Daga nan ko Arzika ya danna oda sai iska.

Da suka fito ta ɗaya bakin ramin, sanyi ya mare su har haƙora suka kama kaɗawa. Ga duwatsu sanye da farar ƙanƙara sun gangaro sun tsoma ƙafa cikin wani ruwa wanda ba a ganin ƙarshensa. Tumba, wadda aka haifa a bakin gulbi, ta yi ta neman ɗaya gaɓar da ido ba ta samu ba. Rana kuma a ƙasar ba ta faɗuwa. Takan sauko har ta kusa taɓa ruwa, sai ta fasa, ta bi gefe ta sake hawa. Arzika ya ce bai taɓa ganin ranar da ta raina magariba haka ba. Da cikinsu suke gane lokacin salla, kuma bi da bi suke yi, in shi zai sauka sai ya ɗora ƙafar Tumba a kan totur ya ce ta taka a hankali kamar tana lallashin jariri.

Hanyar siririya ce, dutse a hagu, teku a dama. Wani wuri garken wasu bareyi masu ƙaho kamar rassan itace suka tare su, ga shi ba oda, sai da Arzika ya leƙa ya yi ta ba su haƙuri. Wani wurin kuma wani kifi da suka ɗauka tsibiri ne ya ɗago ya fesa ruwa sama, ya jiƙa su sharkaf, mota ta yi tari ta kusa ɗaukewa. Arzika ya yi ta shafa sitiyari yana yi mata kirari har ta dawo hayyacinta.

Ƙauyen farko da suka isa, gidajen katako ne jajaye, tsaye kan dogayen ƙafafu a cikin ruwa. Ko'ina an kafa rumfuna da suka fi gidajen tsawo, an rataye kifi bibbiyu iska tana busar da su. Mutanen farare ne fes masu manyan idanu, rigunansu na fatar kifi, ƙugiyoyinsu na ƙashi, babu ƙusa ko ɗaya a jikin jiragensu. Da yake Arzika ba zai bar totur ba, dole Tumba ta sauka ta yi tambaya, ita da ko a kasuwar garinsu da yatsa take ciniki. Ta gaishe su, ta ce ko sun san wani yaro bahago. Iska ta kwashe maganar. Wani dattijo ya kawo kunnensa kusa da bakinta, ta maimaita. Ya tambaye ta sunan yaron, ta sunkuyar da kai ta ce ɗan gidansu ne. Dattijon ya dube ta da tausayi, ya nuna mata gaba, ya ce, "Ya ke baƙuwa, ki sani a ƙasar nan ba a raɗa. Mu kanmu da ƙarfi muke gaisawa."

Ƙauye na gaba suka tarar wani hazo mai jiƙa tufa ya zauna a kansa ya ƙi tashi. Iska ta tsaya, kifin da aka rataye ya fara laushi yana wari, mata sun yi tagumi a ƙarƙashin rumfuna suna kallon abincin shekararsu yana lalacewa. Mutanen ba su taɓa jin ana busar da kifi da hayaƙi ba. Tumba tana ɗokin gaba, amma mai banda ba ta iya ganin kifi yana ruɓewa ta wuce. Ta ɗaure zane, ta sa aka jero duwatsu, aka kwaso itacen da teku ya tofar, ta gina musu banda ta nuna musu yadda ake danne wuta don ta yi hayaƙi kada ta yi harshe. Da kifin farko ya yi ja, ƙamshi ya cika ƙauyen, wata tsohuwarsu ta ɗanɗana ta rufe ido. Suka rasa abin da za su saka mata da shi. Da suka ji jarkoki sun kusa ƙarewa, sai suka kawo tuluna cike da man kifi, Tumba ta ɗura a tanki. Mota ta ɗan yi gardama, sannan ta karɓa, suka ci gaba tana ƙamshin suya.

A nan ne sanyi ya kama Arzika a maƙogwaro, muryarsa ta dushe har ba a jinsa sai an matso. Tumba ta rufa masa bargonta, tana ɓare kifi tana sa masa a baki yana tuƙi. Can ya yi mata alama ta matso, ya ce cikin raɗa, "Tumba, na sha tsayawa a bayan rumfa ina kallonki kina juya kifi. Ina ganin leɓenki. Na san sunan da kike faɗa."

Ta ce, "Malam, a ranar ya zo mini har baki."

Ya ce, "Na sani. Ni ma da ni ne a gaban Inna, ban san abin da zan yi ba."

Tumba ta juya fuska wajen teku, ta yi kukan da ta hana kanta tun ranar, shi kuwa ya bar ta ta yi abinta.

Daga ƙarshe hanya ta gangara ta ƙare a wani fili na tsakuwa dab da ruwa, da 'yan gidaje a gefe. Arzika ya duba hagu ya duba dama, ya yamutsa fuska, don babu gangare ko na ajiye kwano, hanyar komawa ma hawa ce. Ya juya hancin motar kudu, ya danne totur. Mutanen ƙauyen suka fito suka yi layi nesa da ƙarfen, a gabansu kuwa ga tsohuwar nan mai farin gashi, ashe ita ce Magajiyar wurin.

Tumba ba ta ko gan ta ba. Idonta yana kan wani mutum baƙi, shi kaɗai a cikin fararen nan, zaune kan kifaffen jirgi yana ɗinkin taru da hannun hagu. Ya yi gemu, ya yi faɗin kafaɗa, amma kunnuwan na Arzika ne, ba ko tambaya. Da ya ga baƙi ya ajiye taru, ya kawo musu romo mai zafi a ƙoƙon katako, ya rusuna ya ce, "Sannunku da hanya, bayin Allah." Ya yi murmushi, wushiryar tana nan. Bai san su ba.

Magajiya ta ɗaga hannu, ta ce, "Ya ke 'yar Adam, ga shi a gabanki. Mun ciyar da shi, mun tufatar da shi, amma ba mu ba shi aure ko gida ba, domin marar suna ba ya gado a cikinmu. In naki ne, kira shi."

Tumba ta sauko. Ga ƙauye guda sun zuba mata ido, ga mijinta a bayanta. Ta buɗe baki, harshen da ya shekara da shekaru yana kauce wa sunan nan ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Leɓenta ya motsa, abin da ya fito ɗan siriri ne, rugugin mota ya danne shi. Ta sake tattara ƙarfinta, ta ja numfashi, sai ta ji bakinta ya ce, "Kai." Mutumin ya dube ta da ladabi yana jiran sauran maganar. Da bai ji komai ba, ya karɓi ƙoƙonsa ya koma wajen taru.

Magajiya ta ce, "Mun saurara, ba mu ji ba."

Daidai nan man kifi ya daskare don sanyi, ƙafar Arzika kuma da ta daɗe a mace ta zame daga totur. Mota ta yi tari, ta girgiza, ta ɗauke. Shiru ya sauka, ba a jin komai sai teku, shi kuwa ya fara tahowa, kowace igiyar ruwa tana wuce inda 'yar'uwarta ta tsaya. Arzika ya murɗa makulli, ko ƙyas. Ya buɗe baki ya nemi taimako, murya babu. Mutanen ƙauyen suka ja da baya, har matan suna rufe fuska, don ba mai iya taɓa ƙarfe a cikinsu.

Tumba ta zagaya baya ta dafa mota ta tura da iyakar ƙarfinta. Motar da ta saba da ƙartin tasha ko motsi ba ta yi ba. Ruwa ya zo ya lashi dugadugan Tumba. Sai ta ga wasu manyan hannaye sun sauka a gefen nata.

Mutumin nan mai taru ya ce, "Shiga ciki, baiwar Allah. Ni ƙarfe ba ya ƙona ni, ban san dalili ba. Ku je gida, kada naku su yi ta jira."

Ya buɗe mata ƙofar baya ta shiga. Ya sa kafaɗa, ya kafe ƙafa a tsakuwa, ya yi nishi. Taya ta juya, ruwa ya cike gurbin da ta bari. Ya ƙara turawa, mota ta fara gudu, Arzika ya sa giya ya saki kuloci. Ta yi tsalle, ta yi tari, ta tashi da wani baƙin hayaƙi, ta kama hawa. Arzika ya san in ya ɗaga ƙafa ko kaɗan za ta sake mutuwa, don haka hawaye na zuba masa ya ci gaba da takawa.

Tumba ta waiga. Mutumin ya ɗaga musu hannu, sannan ya juya baya ya nufi jirginsa. Ruwa ya rufe filin tsakuwa, ya kai masa gwiwa, yana murɗawa a kewaye da shi. Bayansa take gani, kamar wancan karon. Ta zura kanta ta taga har kafaɗa, iska ta fizge ɗankwalinta, furfurarta ta bayyana a gaban mutanen ƙauye, ba ta ko kula ba.

"Lawali!"

Fararen tsuntsayen da ke kan duwatsu suka tashi gaba ɗaya. Mutumin ya tsaya cak.

"Lawali, ɗana, fito."

Ya juyo a hankali. Ya dubi motar, ya dubi matar da ke rataye a taga, fuskarsa ta koma ta yaro. Ya ce, "Na'am, Inna."

Ruwan da ke riƙe da ƙafafunsa ya sake shi. Ya sheƙo da gudu, Tumba ta banke ƙofa ta miƙa hannu, Arzika ya sassauta iyakar abin da motar za ta jure. Ta cafko hannunsa na hagu, ta jawo shi da ƙarfin da ba ta san tana da shi ba, ya faɗo kan kujera jiƙe sharkaf. A madubi Arzika ya hango Magajiya tsaye cikin ruwa ta ɗaga hannu, muryarta ta biyo su a kan iska tana cewa, "Yanzu mun ji."

Suka bi ta ƙauyen banda, hayaƙi na tashi, mata na ɗaga musu kifi. Suka wuce jajayen gidaje, suka shiga ramin dutse. Zalɓe ya janye ƙafa, amma bai mayar da oda ba, har yau motar Arzika da baki take neman hanya. Suna shiga rairayi mai ɗumi farin wurin nan da ke rataye a madubi ya rugurguje ya zama gari, hanya ta naɗe a bayansu.

Mutanen Tungar Kwakwara sun yi mamakin dawowar Lawali, amma tsofaffin matan garin sun fi mamakin uwarsa. Matar da ake ba 'yan mata misali da kararta, ga ta nan tana kama sunan ɗan fari gatsal daga rumfar banda, har ana ji a bakin gulbi. Suka ce sanyin arewa ya taɓa ta. Arzika, da muryarsa ta dawo har da ƙari, ya ce su bar ta, shi ma ya samu abokin hira.

Wata rana da la'asar Lawali yana tsakar gida yana ɗaurin kifi, ta kira shi ya amsa. Bai gama ɗaurin ba ta sake kira. Ya ajiye igiya ya zo ya durƙusa a bakin rumfa, ya ce, "Ga ni, Inna. Me za a yi?"

Tumba ta juya kifin da ke kan banda, ta goge idon da hayaƙi ya sa wa ruwa, ta ce, "Babu komai. Amsawar nake son ji."